BA KOWANE KARKATACCEN ƘASHI NE CIWO BA

Daga Wakilinmu a Badun

Duk wanda ya san unguwar Sabo da ke Mokola a birnin Badun ya san ba ta barci da wuri. Bayan sallar isha'i masu tsire suna hura wuta, 'yan canji suna ƙidayar cinikin yini, dattawa kuwa suna zaune a ƙofar gida suna taɗi da Hausa tsantsa, sai ka ce a bakin Kasuwar Kurmi ta Kano. Tun shekarar 1916 aka keɓe wa Hausawa wannan wuri, kuma cinikin goro da na shanu shi ne ya raya shi har ya zama gari a cikin gari.

A wani dare irin wannan, cikin hunturun bara, aka aiko yaro ya ce mini kawuna yana nemana da gaggawa. Na same shi a zaure ya yi tagumi, ga wani babban ambulan a gabansa. Shi dattijo ne ɗan goro, ya ba shekara 60 baya, kuma ya yi wajen shekara 3 yana fama da toshewar hanci da nauyin goshi, musamman in hazo ya sauka. Da abin ya ishi babban ɗansa, sai ya kai shi wani wurin ɗaukar hoto na kuɗi, aka sa kansa cikin na'ura, aka ba su hotuna da takardar bayani da Turanci.

"Zauna, ɗan nan," in ji shi. "Kai ne ɗan boko. An ce ƙashin hancina ya karkace, an ce iska ta shiga wani ƙashi, an kuma ce wani wuri a goshina bai girma ba. Gaya mini gaskiya, kada ka ɓoye mini kome."

Ashe wani maƙwabci ne ya riga ni karanta takardar, ya fassara ta iyakar iyawarsa. Da kalmar "iska" ta isa cikin gida, mata suka ɗauka iskar da aka sani ce, har an fara maganar hayaƙi. Shi kuwa Kawu ya riga ya yanke shawara zai janye kuɗin da ya shekara da shekaru yana tarawa domin kujerar Makka, ya biya a yi masa tiyata.

Na ce masa, "Kawu, ni ɗan jarida ne, ba likita ba. Ka bar kuɗin nan inda suke tukuna, mu kai takardar ga masu ita." Abin da muka koya daga nan shi ne dalilin wannan rubutu, domin kuwa irin wannan ambulan yana shiga gidaje da yawa yanzu, a Kudu da Arewa.

ƊAKUNAN DA KE CIKIN FUSKA

Da farko dai ya kamata mai karatu ya sani cewa ƙashin fuskar ɗan Adam ba cunkus yake ba. A kewayen hanci akwai wasu ramuka masu iska a ciki, waɗanda likitoci ke kira sainos. Mu kira su ɗakuna, domin haka suke. Iri huɗu ne, kowane iri dama da hagu. Akwai na kumatu, su ne manya, kowanne zai ci kimanin babban cokali guda na ruwa. Akwai na goshi, bisa gira. Akwai waɗansu ƙanana da yawa tsakanin idanu biyu, jere kamar saƙar zuma. Sa'an nan akwai na can ƙurya, a tsakiyar ƙoƙon kai, ƙarƙashin ƙwaƙwalwa. Saboda haka iska a cikin ƙashi ba baƙuwa ba ce, kowa yana yawo da tasa.

Ba a haihuwar jariri da dukkan ɗakunan nan a buɗe. Na kumatu da na tsakanin ido suna nan tun haihuwa, amma ƙanana ƙwarai. Na goshi kuwa ba ya bayyana a hoto sai yaro ya kai wajen shekara 6 ko 7, kuma yana ta girma har bayan balaga. Iska ce ke ta kutsawa cikin ƙashi sannu a hankali yayin da yaro ke girma, kuma inda za ta tsaya ga wannan, ba nan za ta tsaya ga wancan ba. Nan ne asalin bambancin da muke magana a kai.

Kowane ɗaki an shafe cikinsa da wata fata mai laushi wadda ke fid da majina, tana kuma da waɗansu 'yan gasu da ido ba ya gani, masu share majinar zuwa ƙofa dare da rana. Ƙofofin 'yan mitsi-mitsi ne, milimita kaɗan. Abin mamaki ma, ƙofar ɗakin kumatu a sama take, kusa da rufi, kamar bakin tulu, don haka sai gasun nan sun tura majina ta hau kafin ta fita. Har wa yau, ɗakin kumatu da na goshi da na gaba-gaban tsakanin ido duk wuri ɗaya suke zubarwa, wani ɗan lungu a gefen hanci. Mutumin Sabo ba ya bukatar dogon bayani a nan, ya san abin da kan faru da damina idan gidaje uku suna zuba ruwa a kwata ɗaya, kwatar kuma ta toshe.

YADDA AKA SAMI GANIN CIKI

Masana sun daɗe da sanin ɗakunan nan ta hanyar fiɗar gawa. Wani likitan Ingila, Nathaniel Highmore, ya yi bayanin ɗakin kumatu tun 1651. Amma ganin na mai rai bai yiwu ba sai bayan 1895, shekarar da Bajamushen nan Wilhelm Rontgen ya gano hasken da ke ratsa tsoka ya nuna ƙashi. Hoton ƙashi irin na da ya yi amfani, sai dai yana tara ƙasusuwan kai duka a kan juna, kamar mutum ya tsaya a ƙofar gida yana son ya ƙidaya ɗakunan da ke ciki.

A 1971 aka fara gwada wata sabuwar na'ura a kan majiyyaci a wani asibiti a Landan, wadda injiniya Godfrey Hounsfield ya ƙera. Ita ce ake kira siti-sikan. Tana zagaya kan mutum da hasken nan, kwamfuta ta haɗa hotuna yanka-yanka, kamar an yanka burodi ana duba kowane yanki, ba tare da an taɓa mutum da wuƙa ba. Wannan aiki ya sa aka ba Hounsfield da Allan Cormack lambar Nobel a 1979.

A nan Nijeriya, na'urar farko irin wannan an kafa ta ne a 1987, a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Badun, watau UCH, wanda aka buɗe a 1957. Daga shataletalen Mokola in ka bi titin Sarauniya Elizabeth, 'yan mintoci ne ka isa ƙofarsa. Watau dai mutanen Sabo su ne maƙwabtan na'urar farko ta ƙasar nan. Yau kuwa akwai irinta a asibitocin koyarwa na Kano da Zariya da Sakkwato, da wuraren 'yan kasuwa masu yawa a manyan birane.

Da hotuna suka yawaita, sai likitoci suka tabbatar da abin da masu fiɗa suka daɗe suna faɗi, cewa da wuya ka sami mutum biyu masu ɗakuna iri ɗaya. Ɗakin goshi ma har ana kamanta shi da zanen yatsa. A 1927 waɗansu likitoci biyu a Amurka suka ba da labarin yadda suka shaida gawar wani mutum ta hanyar gwada hoton ƙashin kansa da wanda aka ɗauka yana da rai. Har yanzu masu binciken gawa suna amfani da wannan dabara.

ABIN DA TAKARDAR KAWU TA ƘUNSA

Mako guda bayan wancan dare muka sami ganin wani likitan kunne da hanci da maƙogwaro a nan Badun. Bai fara da hoton ba. Sai da ya tambayi Kawu yaushe ciwon ke tashi, wane launi ne majinar, yana atishawa ko ƙaiƙayin ido, yana jin ƙanshi ko ba ya ji, wane magani yake sha. Sa'an nan ya leƙa hancin da wani siririn bututu mai fitila. Bayan haka ne ya ɗaga hotunan, ya bi takardar layi-layi, ni kuma ina mayarwa da Hausa inda ta kama.

Na farko, karkatar ƙashi. Tsakanin ƙofofin hanci biyu akwai katanga, gabanta guringuntsi, bayanta ƙashi. Yawancin mutane tasu ba ta miƙe sak ba, ta ɗan jirkice dama ko hagu, wasu tun haihuwa, wasu sanadin faɗuwa ko naushi tun suna yara. Mafi yawansu har su tsufa ba su sani ba. Sai in karkatar ta yi tsanani har ta tare numfashi a gefe ɗaya ne ake maganar gyara ta.

Na biyu, iskar da ta tayar wa mutan gida hankali. A kowane gefen hanci akwai 'yan ƙasusuwa uku da suka rataya kamar kantar shago, aikinsu su ɗumama iskar da muke shaƙa su kuma jiƙa ta. Ga waɗansu mutane, na tsakiyar yakan zo da rami a cikinsa, ya ɗan kumbura kamar ƙwai. Likitoci suna ce masa konka bulosa. Abu ne da ake yawan gani, har waɗansu masu bincike sun same shi ga kusan rabin mutanen da suka duba, waɗansu kuma ƙasa da haka nesa. Idan babba ne ƙwarai yana iya matse lungun nan da ɗakuna ke zubarwa, in kuwa ƙarami ne, kamar na Kawu, ba ruwansa da kowa.

Na uku, ɗakin goshin da bai girma ba. Sau da yawa na dama da na hagu ba su zuwa daidai, kuma akwai 'yan mutane ƙalilan da ba su da shi sam, gefe ɗaya ko duka biyun, suna zaune lafiya lau.

Akwai waɗansu bambance-bambancen da mai karatu zai iya cin karo da su a irin wannan takarda. Wani lokaci ɗaya daga ƙananan ɗakunan tsakanin ido yakan zarce zuwa ƙarƙashin gurbin ido, kusa da ƙofar ɗakin kumatu. Ana kiransa da sunan Haller, wani masani ɗan ƙasar Suwizalan na ƙarni na 18. Wani lokaci kuma saiwar turame, watau haƙoran tauna na sama, takan kai har daɓen ɗakin kumatu, shi ya sa ruɓaɓɓen haƙori kan jawo ciwo da ɗoyi a hanci gefe ɗaya, maganinsa kuwa yana wurin likitan haƙori.

Likitan ya nuna mana cewa duk waɗannan halitta ce, kamar yadda wani ke da wushirya wani ba shi da ita. Masu bincike ma ba su haɗu a kan cewa su ne ke kawo ciwon ɗakunan hanci ba, domin sau da yawa akan same su ga masu ciwon da marasa shi kusan daidai wa daida. Ko kumburin fatar ciki da hoto kan nuna, ba kullum yake nufin babban ciwo ba. A 1994 an buga wani bincike a Amurka inda aka ɗauki hoton mutum 31 masu mura ta yau da kullum, aka ga kashi 87 cikin 100 ɗakin kumatunsu ya nuna alamar matsala. Waɗanda aka sake ɗauka bayan mako biyu, yawancinsu abin ya washe ko ya ragu ƙwarai, ba tare da sun sha maganin kashe ƙwayoyin cuta ba. Saboda haka wanda aka ɗauka yana tsakiyar mura, hotonsa zai iya tsoratar da shi a banza.

INDA BAMBANCIN KE DA HAƊARI

To, in haka ne, me ya sa mai karanta hoto yake wahalar da kansa yana rubuta su dalla-dalla? Amsar ita ce, ba domin majiyyaci kaɗai yake rubutawa ba, domin likitan tiyata ne.

A da, in za a yi aikin ɗakunan nan, akan yanka ta ƙarƙashin leɓe ko ta gefen ido. Daga shekarun 1970 wani likita a birnin Graz na ƙasar Ostiriya, Walter Messerklinger, ya nuna cewa ana iya bi ta ƙofar hanci da bututu mai fitila, a buɗe lungun da ya toshe, ɗakunan su warke da kansu. A tsakiyar shekarun 1980 wannan hanya ta bazu zuwa Amurka da sauran duniya. Ba ta barin tabo a fuska, amma wurin aikin matsattse ne, kuma maƙwabtansa manya ne. A gefe akwai ido, abin da ya raba su wani ƙashi ne mai sirantaka wanda masanan da suka sa masa suna suka kamanta da takarda. A sama akwai ƙwaƙwalwa. A ƙurya akwai jijiyar gani da babbar jijiyar da ke kai jini cikin kai.

Nan ne bambancin halitta yake zama maganar rai. A 1962 wani masani mai suna Keros ya auna zurfin wani ɗan kwari a rufin hanci, inda jijiyoyin jin ƙanshi ke ratsawa, ya kasa mutane kashi uku: masu milimita 1 zuwa 3, masu 4 zuwa 7, da masu 8 zuwa 16. Gwargwadon zurfin, gwargwadon tsawon siririn ƙashin da ƙarfen likita zai iya fasawa, in kuwa ya fashe, ruwan da ke kewaye da ƙwaƙwalwa sai ya riƙa ɗiga ta hanci. Haka kuma akwai wani ɗaki da ake kira da sunan Onodi, likita ɗan ƙasar Hangari na farkon ƙarni na 20. Shi kuma ɗaya ne daga na tsakanin ido, wanda kan miƙe baya har ya jingina da jijiyar gani. Likitan da bai san yana nan ba zai iya ɗauka ya shiga ɗakin ƙurya, alhali kuwa yana dab da jijiyar da in ta taɓu ido ya tafi. A ɗakin ƙuryar ma, ga waɗansu mutane babbar jijiyar jini takan turo ciki, ƙashin da ya rufe ta siriri ne ƙwarai ko babu shi.

Likitocinmu na gida ba su bar wannan fage ga Turawa ba. A 2012 waɗansu likitocin UCH sun buga bincike a kan ɗakin ƙurya da jijiyoyin da ke kewaye da shi, daga hotunan majiyyatansu, domin mai aiki a kan ɗan Afirka ya san irin ginin da zai tarar.

A takardar Kawu kuwa akwai layi na huɗu wanda maƙwabcin nan ya tsallake don bai gane shi ba, kuma shi ne likita ya fi daɗewa a kansa. Kawu yana da ɗakin Onodi a gefen hagu. Ba ciwo ba ne, ba ya bukatar magani, amma likitan ya ce ya adana hoton nan kamar takardar fili, duk ranar da wani zai shiga hancinsa da ƙarfe, a ko'ina ne, ya fara nuna masa.

ASALIN CIWON

Abin da ke damun Kawu ya fito ne daga tambayoyin farko, ba daga na'ura ba. Jikinsa ba ya jituwa da ƙura, ga ta hunturu, ga ta rumbun da yake yini a ciki. Sa'an nan ga wani maganin ɗigawa a hanci da yake saya a kemis, wanda ya fi shekara yana sa shi kowane dare. Irin wannan magani yana buɗe hanci nan take, amma ba a so ya wuce kwana 5, domin in an daɗe a kansa, da zarar ya sake sai hancin ya kumbura fiye da da, mutum ya ƙara ɗigawa, a yi ta haka ba iyaka.

Aka hana shi wannan, aka rubuta masa wani na fesawa mai rage kumburi, aka ce ya riƙa wanke hanci da ruwan gishiri, ruwan da aka tafasa ya huce, ya kuma rufe hanci in zai shiga ƙura. Makon farko ya sha wuya, har ya aiko mini cewa likitan nan bai san aikinsa ba. Kafin wata biyu yana barci baki rufe.

Kada mai karatu ya ɗauka cewa kowa labarinsa zai ƙare haka. Akwai waɗanda tiyata ce maganinsu, kamar masu tsiro a hanci, ko waɗanda ciwon ya wuce mako 12 an yi magani yadda ya kamata bai ji ba. Irin waɗannan su ne hoton siti ya fi yi wa amfani. Akwai kuma alamun da ba a jira da su ko kwana ɗaya: kumburin fatar ido ko ido ya turo, musamman ga yaro mai mura, gani ya ragu ko ya zama biyu-biyu, matsanancin ciwon kai da zazzaɓi da sanƙarewar wuya. Haka nan toshewar gefe ɗaya tak wadda ba ta sauka, tare da haɓo a kai a kai, tana bukatar likita ya leƙa da wuri, domin wani lokaci ƙari ne.

Ga waɗanda ba su kai nan ba, shawara uku ce. Kada mutum ya kai kansa hoto don kawai yana ciwon kai, domin da yawa daga abin da ake ɗora wa ɗakunan hanci ciwon ɓarin kai ne, kuma hasken na'urar ba abin wasa ba ne, mai juna biyu ma dole ta faɗa kafin a ɗauke ta. In an yi hoton, a kai shi ga likitan da ya nema ko likitan hanci, kada a ba maƙwabci ya fassara, kome kyan niyyarsa. In kuma an ce sai tiyata, majiyyaci yana da haƙƙin ya tambaya wane abu ne a hoton ya dace da ciwon da yake ji, wane magani aka gwada bai yi ba, kuma ba laifi ba ne ya nemi ra'ayin likita na biyu. Mutanen Arewa suna da Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa a Kaduna, wadda aka kafa a 1999, ban da sassan hanci da maƙogwaro na asibitocin koyarwa. Matambayi ba ya ɓata.

Ran nan na bi ta Sabo da la'asar, na tarar da Kawu a kan buzunsa ana kwance masa huhun goro yana dubawa, ya ɗaura ƙyalle a hanci. Kuɗin Makka suna nan ba a taɓa ba. Ambulan ɗin kuwa ya ce yana ƙasan adaka tare da takardun gida, kuma ya gaya wa babban ɗansa inda yake. Allah ya ƙara mana lafiya, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin.